Ƙibar da na yi a cikin rigar Mai Girma

Yau da safe na faɗi a bakin titi, jama'a, kuma ko ƙwarzane ban yi ba. Ruwan da mai wankin mota ya malalar ne ya kwashe ni, na tafi da baya, na sauka tim kamar an jefo katifa daga saman mota. Tashin ne ya gagara. Na yi ta wutsil-wutsil da hannu da ƙafa kamar kyankyason da ya faɗi rigingine, da na ga ba ci gaba sai na haƙura na kwanta ina kallon sama. Rabon da in kalli sama da sassafe har na manta. Akwai wani gajimare mai kama da butar shayi, har da hancinta, ina cikin jiran in ga ko zai tsiyaya wani abu sai mai gasa masara da mai gyaran takalma suka iso. Ɗaya ta kama hannu, ɗaya ya kama wuyan riga, suka tsayar da ni kamar masu sauke firiji. Mai masara ta kakkaɓe ni, ta ce in dai irin wannan ƙibar ce marar nauyi, ita ma a nuna mata inda ake sayarwa.

To, bari in nuna muku, tunda ba na ɓoye wa masu karanta wannan fili komai sai abin da mai ɗakina ta ce in ɓoye.

Na tsufa ne a kamfanin katifa. Aikina cusa: a miƙo mini rigar katifa, in cika ta da auduga da soso, in bi da tafin hannu har sai ba inda ya yi ƙullutu. Karatuna bai yi nisa ba, amma wannan hannun nawa ya yi digiri. Da aka rufe kamfanin na dawo gida na zama kayan ɗaki. Mai ɗakina tana kan keken ɗinki daga safe har yamma, da shi muke ci, ni kuwa ina bakin taga ina nazarin tururuwa. Na gano, misali, cewa duk yawansu ba sa tsayawa layi, kuma ban taɓa ganin wadda aka share wa hanya da jiniya ba. Matar nan ba ta taɓa yi mini gori ba. Sai dai in tana shara takan zagaye ni da tsintsiya yadda take zagaye kabad, ba ta ko cewa in ɗaga ƙafa. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ana tsakiyar zafi aka yi shelar wani shiri mai suna Tashi Ka Nema, na dattawan da aiki ya gudu ya bari. Na tashi na nema. Aka shanya mu a rana, aka ɗauki hoton kowa, ni a lokacin wuyana kamar mariƙin lema. Can da yamma Mai Girma Babban Mai Yanke Ƙyalle ya iso da almakashinsa, ya yi jawabi mai tsawo da daɗi, ya ce kafin mako ya zagayo kowannenmu zai kama rumfarsa ta sayar da kaya. Allah ya ƙara masa lafiya, bai faɗi wane makon ba, don haka ba wanda zai ce ya yi ƙarya. Makon ya zagayo bayan zafi ya wuce, ruwa ya zo ya ɗauke, sanyi ya shigo ya baje kayansa.

Amma tunda a zafi aka tsara shirin, kayan zafi aka ba mu. Fanka 'yar ƙarama mai batir, baƙin tabarau, da hular kare rana. Rumfar kuwa ƙarafa huɗu ne da tebur, a gefen titi, dab da gidan mai, a daidai kusurwar da iska ke shan kwana. Kada ku ce ba rufi, akwai shi. Guda ɗaya ne dai, kyakkyawa, shuɗi, ana yawo da shi a bayan mota. Duk rumfar da za a buɗe sai a ɗora mata, a yi hoto, a kwance a wuce gaba. Rufin nan ya fi ni ganin duniya.

Sai riga. Mai gajeren hannu ce, ruwan lemo, shara-shara har ana iya tace koko da ita, an rubuta sunan shirin gaba da baya. Girmansu duka ɗaya. An ce a jikin Mai Girma aka auna, don a nuna shi da talaka ba bambanci. Da na zura tawa ta sauko har gwiwa, kuma da saura wurin baƙo. Jami'in da aka ɗora a kanmu, wanda muke kira Sa'ido, ya tsaya cikin kwat mai gashi a wuya ya faɗa mana doka. Doka ɗaya ce tak: ba a sa komai a kan rigar. Wanda ya rufe rubutun ya rufe shirin, wanda ya rufe shirin ya koma gida.

Mun ɗauka barazana ce har sai da ta faɗa kan maƙwabcina na rumfar gaba, wani tsohon direba mai tari. Ya ɗora kwat a kan tasa don ƙirjinsa, Sa'ido ya gifta a mota ya hango, washegari teburin ba kowa sai tantabaru.

Ranar farko ba zan manta da ita ba. Haƙoran da suka rage mini, waɗanda suka daɗe ba sa haɗuwa, ranar suka wuni suna gaisawa. Ina buɗe baki in yi talla sai hayaƙi ya riga magana fita, na ɗan shagala da wannan, ina gwada ko zan iya hura shi ya yi zobe, har sai da na tuna aiki na zo. Na ce ga fanka, ga fanka mai sanyi. Wata mata ta ja ɗanta ta tsallaka titi. Wani bawan Allah ya tsaya ya dube ni da tausayi, ya tambaya ko ina da 'yan uwa a kusa. Mai masara, wadda murhunta ke gefena, ita ta ce in matso in gasa hannu kafin su karye, kuma ita ta raɗa mini suna Baba Fanka, sunan da yanzu har jikata ke kirana da shi.

Da na koma gida mai ɗakina ta dubi leɓena, ta tsayar da keke. Ta ce aikin da zai sa ta zauna karɓar gaisuwa a bar shi, keken nan bai gaji ba, ita ma ba ta ce ta gaji ba. Na dubi taga, na dubi kujerata, wadda har ta lotsa daidai ni. Na ce mata ko a tsaye zan daskare, gobe da ni za a buɗe kasuwa. Ba ta ja ba. Ta ɗauki rigar ta ɗaga ta saitin fitila, ta juya ta gaba da baya irin na masu sana'a.

"Malam, sun ce kada a sa komai a kanta. Sun yi maganar ƙarƙashinta?"

Ba su yi ba. Na sha faɗa a wannan fili cewa da matar nan aka ba almakashin da an ga aiki.

Washegari da asuba muka fara. Singileti, sai tsohuwar suwaitata, sai rigar sanyin da surukina ya manta a gidanmu kuma daga yau ya ɗauka ta ɓata, sai bargon jikata na jarirai, sai ragowar ƙyallayen ɗinki a naɗe cikin tsohon zane. Ta yanke bakin safa biyu ta zura mini a hannu. Tana miƙowa ina cusawa, sai na ji hannuna ya farka. Nan a ƙara, nan a rage, a bi da tafi daga ƙirji zuwa kwiɓi. Tun da aka rufe kamfani ban yi aikin da na yi alfahari da shi haka ba, sai dai wannan karon ni ne katifar. Da muka jawo rigar Mai Girma a kai ta zauna ɗas, kamar don ni aka ɗinka.

Duk da haka iskar kusurwar nan tana samun ƙofa. Mai gyaran takalma ne ya ce in gwada jarida, shi da ita yake shimfiɗe cikin takalminsa. Ni kuwa ina da tsofaffin jaridu dami guda a ƙarƙashin gado, waɗanda mai ɗakina ta daɗe tana neman dalilin ajiye su. Na yi bincike irin nawa, kuma ina ba masana sakamakon kyauta. Shafin wasanni ba ya riƙe ɗumi, takardarsa sakayau ce. Shafin tallan neman aiki sanyi ma yake ƙarawa. Wanda ya fi duka shi ne shafin da manya ke saye su buga jawabinsu: takarda mai kauri, mai sheƙi, cike fal da rubutu, ba inda iska za ta bi. Sai na jera su. Alkawarin ruwan famfo a ƙirji, alkawarin wutar lantarki a gadon baya, na gyaran titi a ƙugu, mai ɗakina ta ɗaure da igiyar zane. Duk wanda ya ce muku alkawarin manya ba ya amfanar talaka, ku turo shi ya taɓa bayana.

Ciniki ma ya fara motsi, ta inda masu shirin ba su zata ba. Wata rana gawayin mai masara ya ƙi kamawa, ta gaji da fifita, ta ce Baba Fanka ara mini abin nan naka. Kafin ta rufe baki wuta ta tashi ja wur. Ta saya. Mai shayi ya gani ya saya, mai gashin nama ya aiko a kai masa biyu. Tabarau kuwa mutanen layin mai ne ke ɗauka. Layin nan, Allah ya bar mana shi, ba ya gaba ba ya baya, har wasu direbobin sun san ranar haihuwar juna. Sukan sayi baƙin tabarau su kwantar da kujera su yi barci, na baya ya ɗauka idonsu biyu ba zai yi musu shigar wuri ba. Hular rana ce kawai har yau ba ta sami miji ba.

Shekaranjiya da safe na iso na tarar ana ɗora wa rumfata rufi. Na san akwai magana, don rufin nan ba ya zuwa shi kaɗai. Sai ga Sa'ido a guje, yana cewa Mai Girma zai zo duba yadda shirin ya canza rayuwar dattawa, kuma rumfata aka zaɓa saboda ta fi kusa da inda mota ke iya juyawa. Bai taɓa ganina kusa ba sai ranar, kullum ta gilashin mota ne. Ya zagaye ni yana kallo, ya tambaye ni me nake ci. Na ce abin da ya samu. Ya ce shi dai ba ruwansa, in na jawo wa shirin abin kunya a gaban Mai Girma, in bi tsohon direba. In an tambaye ni sanyi in ce babu, in an tambaye ni rufi in ce tun farko yana nan.

An ce da hantsi, sai da rana ta karkata muka ji jiniya. Motoci suka wuce layin mai a jere, ba wadda ta ko kalle shi. Mai Girma ya fito, ga faɗin kafaɗa, ga kwarjini, ga kwat har ƙasa. Wani na biye da shi riƙe da allo, a jikin allon kuwa hotona ne na lokacin zafi, wuya zalla da kunnuwa. Mai Girma ya dubi hoton, ya dube ni, ya sake duban hoton. Fuskarsa ta washe. Ya juya ga masu ɗaukar hoto ya ce su gani da idonsu, ga abin da 'yan baƙin ciki ke cewa ba a yi ba. Aka tafa. Mai masara ta tafa da muciyar juya gawayi tana kallon ƙasa, kafaɗunta na rawa.

Sai ya matso, cikin ƙauna irin ta shugabanni, ya ɗan bubbuga mini ciki.

Cikin ya ce ƙaras.

Ya tsaya. Ya sake bugawa, a hankali wannan karon. Ƙaras, ƙaras. Na ji igiyar da ke ƙuguna ta saki, na ji alkawarin gyaran titi ya fara zamewa. Na matse gwiwa, na riƙe numfashi, amma abin da ya yi niyyar sauka ya riga ya kama hanya. Shafi guda ya leƙo ta ƙasan rigar, ya yi ɗan lilo a iska, ya sauka a kan takalmin Mai Girma. Sa'ido ya rufe ido. Ni kuwa ba Mai Girma nake gani ba a lokacin, taga nake gani, da kujera, da tsintsiya tana zagaye ni.

Mai Girma ya juya wa masu hoto baya, faɗinsa ya kare mu. Ya sunkuya da kansa, abin da na tabbata ya daɗe bai yi ba, ya ɗauki shafin ya ninke shi biyu. Ya ɗaga gefen rigata ya leƙa, ya ga bargon jikata mai hoton agwagi, ya ga rigar sanyin surukina, ya ga komai. Sai ya mayar da takardar inda ta fito, ya tura ta sama sosai, ya ja rigar ya daidaita. Sannan ya rungume ni don hoto, bakinsa a kunnena.

"Baba, wa ke yi maka? Ko ƙullutu ɗaya babu."

Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe. Sana'ata ce."

"Gobe ka ƙara a kafaɗa. Cikin ya fi saman."

To, jama'a, rungumar nan ta sa hannuna ya sauka a kafaɗarsa, kuma na ce muku hannun nan ba ya mantuwa. Soso ne. Kwarjinin nan da muke gani daga nesa muna matsawa gefe, soso ne, mai arha ma, kuma wanda ya cusa bai iya ba, don na hagu ya dunƙule wuri guda. Saura kaɗan in gyara masa da babban yatsa, sai na tuna matsayina. Haka muka tsaya ni da shi muna murmushi, katifa biyu a gefen titi, aka yi ta walƙa mana fitila. Ya ce a ɗauka ta gefe, ta nan cikin ya fi fitowa.

Kafin motar ƙarshe ta sha kwana an kwance rufin. Na so in sa baki a kan tsohon direba, amma lokacin da na haɗa kalmomin jiniya ta yi nisa. Sa'ido ya dawo yana share gumi a wannan sanyin, ya ce Mai Girma ya yaba, rumfa tawa ce, har ma za a buga hotona babba a kafa a mahaɗar titi, na da da na yanzu gefe da gefe. Sharaɗi ɗaya ne: kada in kuskura in rame.

Da yamma mai ɗakina ta kwance ni ɗaya bayan ɗaya, tana ninkewa tana ajiyewa, ina ƙanƙancewa a gabanta har na dawo mijin da ta sani. Na ba ta labari duka. Ta yi dariya har ta dafa keke, sannan ta ce in ɗaga ƙafa za ta yi shara. Na ɗaga, duka biyun. Jiya kuma na bi ta gidan tsohon direba na kai masa rabin damin jaridata, na nuna masa yadda ake jerawa, ko da za a sake kiransa. Ya ce ko ba a kira shi ba zai sa, don ɗakinsa ma ba shi da maraba da rumfar.

Umarnin ƙara kafaɗa shi ya kayar da ni yau, don saman ya rinjayi ƙasan, kuma ban saba tuƙa jiki mai faɗi haka ba. Zan koya. Abin da ke hana ni sakewa shi ne albishir ɗin da Sa'ido ya kawo ɗazu: an lura da koke-kokenmu, an amince a sauya mana kaya zuwa barguna da safar hannu, da sabuwar riga ta ulu mai dogon hannu, kuma za su iso kafin mako ya zagayo. Na san makon. Na riga na ware fanka guda na saya wa kaina, zan rataye ta a ƙarƙashin rigar, tunda ba a yarda in rame ba.

Kafin nan dai sanyi bai wuce ba, kuma jaridun ƙarƙashin gado sun kusa ƙarewa. Don haka ina roƙon manyanmu, Allah ya ja kwanansu, kada su saurari masu cewa su rage surutu. A ci gaba da jawabi, a tsawaita, a buga a takarda mai kauri. In da hali a yi mana wani sabon alkawari a kan asibiti, don gefen haƙarƙarina na dama har yanzu iska na shiga.